Maɗori a Ɗakin Saɓa

Da sunan Wanda Ya halicci mai tafiya da ƙafa biyu, da mai shida, da mai takwas, da mai goma, da wanda ƙafafunsa suka gagari mai ƙirga. Ya tufatar da wani da fata, wani da gashi, wani da ɓawo, bai nemi shawarar kowa ba. Bayan haka, jama'a, ku gyara zama ku ara min kunnuwanku. Ni ne Nomau ɗan Arzika, maɗori ɗan maɗori, kuma zan ba ku labarin tafiyata Ƙasar Kwansawa. In dariya ta zo muku ku yi abinku, ni ma da a kan wani abin ya faɗa da na yi.

Ƙafa ce ta fitar da ni daga gida. Wani manomi aka kawo min, amalanke ya bi ta kan ƙaurinsa, ƙashin ya zama gari. Na yi iya yina, ƙarshe dai sai da aka yanke, abin kuwa ya tsaya min a rai. Ana nan sai wani bafatake mai gishiri ya sauka a zaurenmu, ya ce can bayan tsaunuka, inda hanyar fatake ta ƙare, akwai wata al'umma da in ƙafar ɗayansu ta guntule sabuwa ke fitowa a gurbinta. Kowa ya yi masa dariya, ban da ni. Na zuba babbar rigata mai aska, da wando, da rawani, don ina so in isa da kwarjini irin na masu sana'a, na kama hanya.

Tafiya ta yi tafiya, na bar garuruwan 'yan Adam a baya, na shiga wani kurmi inda kowane ƙwaro ya fi na nan gida girma nesa ba kusa ba. Tururuwarsu ta kai akuya, fararsu ta kai jaki. Na tsinci wata sanda mai kyau zan dogara, ina ɗaga ta sai ta miƙe ƙafafu shida, ta zame daga hannuna ta yi tafiyarta ko sallama babu. A bakin wani kwazazzabo mai zurfi na tarar da ƙadandoniya ta mai da bayanta gada, kai a tsallake, wutsiya a nan. Na yi bismillah na hau. Ina tsakiya atishawa ta ƙwace min, baiwar Allah ta razana, ta janye jikinta can tsallake ta nannaɗe kamar gammo, ni ina ciki. Na lura duk motsin da na yi ƙara matsewa take, sai na yi lamo kamar gawa har ta saki jiki ta warware. A gaba na sha ruwan wani kogi, kunnena ya buɗe, duk kukan da nake ji a kurmin ya zama magana.

Saura ƙiris in isa birni na faɗa saƙar wata tautau 'yar fashi. Riga ta manne, rawani ya manne, wando ya manne, ga uwar saƙar tana saukowa da ƙafafunta takwas, a hankali, irin tafiyar wadda ta san abinci ba ya gudu. Dabara ɗaya ta zo min. Na kwance mazagi, na tsuke kafaɗu, na sulale ta ƙasan riga, na faɗo tim cikin taɓo kamar yadda uwata ta haife ni. Tautau ta kafa wa riga baki, ta ji wayam, ta koma sama tana zagin iyayena.

Ban gama murna ba 'yan sintirin birni suka ɓullo, buzuzaye ne majiya ƙarfi, baƙaƙe masu sheƙi. Suka dubi rigata a sama, hannuwa a buɗe, rawani a bisa, sak surar mutum. Suka dube ni a ƙasa, sumul, ba ɓawo ko kaɗan. Sai gaba ɗayansu suka juya min baya, babbansu ya ce cikin tausayi, "Kaico, bawan Allah ya yi saɓa a kan hanya."

To bari in fahimtar da ku. Kwansawa ƙabilu ne barkatai, amma abu ɗaya ya haɗa su: jikinsu gaɓa-gaɓa ne, kuma ɓawo mai tauri ya rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ɓawon nan ba ya buɗawa, saboda haka wanda zai girma dole ya tsaga tsohon ya fito, kamar yadda maciji ke saɓa. In ya fito laushi gare shi tiɓis, sai ya yi 'yan kwanaki sabon ɓawon ya yi tauri. A wurinsu babu tsiraicin da ya kai wannan, babu kuma lokacin da rai ya fi zama cikin hatsari. Don haka suka gina ɗakunan saɓa a bakin kogi, kowane da 'yar rijiyarsa a ciki. Kowane mai saɓa ana ba shi mai tsaro, wanda zai rantse gaban alƙali cewa ba zai bar bakin ƙofa ba, ba kuma zai yi tasa saɓar ba, sai wanda yake tsaro ya yi tauri. Can aka kai ni a lulluɓe da ganye, ina ta bayani ba mai sauraro.

Wadda ta rantse a kaina wata tsohuwar ƙaguwa ce, faɗinta ya kai tabarma. Sunanta ƙwanƙwasa ne da ƙarar haƙori, harshena ya kasa, sai na riƙa ce mata Gwaggo, ta kuwa amsa. Irinsu ƙafa goma gare su har da manyan hannuwa biyu masu kama da awartaki, amma ita tara gare ta. Da na dubi gurbin ta goman sai na ga wani ɗan ƙullutu a cikin tantani. Ta ce ai sabuwar ƙafar ce a naɗe, tana jiran saɓa ta gaba ta fito. Kun ji abin da na baro gida dominsa, ga shi gabana, ni kuma ina tsugune na kare gabana da hannuwa biyu. Ta ƙara da cewa saɓar tata ma ta kusa, ta karɓi tsarona ne kawai don ta ga baƙo ne ni ba kowa, kuma abin ai na 'yan kwanaki ne.

Kullum da safe sai ta matso a karkace, ta ƙwanƙwasa bayana da cikina da gefen awartakinta, ta kasa kunne, ta ce tukuna. Ni da dattawa ke tashi su ba ni wuri a garinmu, yau tsohuwa ke bubbuga min tumbi tana jin ko ya nuna. Na roƙe ta ko ɗan ƙyalle, ta ce haram, jiki mai laushi in aka rufe shi a karkace yake yin tauri. Abin da ta iya yi min kawai, in ta ga kunya ta ishe ni, sai ta kwantar da idanunta cikin raminsu, don idanun nata a kan 'yan sanduna suke. Na gaya mata ni haka nake, ba zan taɓa yin tauri ba. Ta yi dariya har kumfa ta fito mata a baki, ta ce duk mai saɓa haka yake cewa, ita ma ta faɗa a ƙuruciya.

Da kwanaki suka wuce kima, aka fara turo masu magani, su ne kaɗai doka ta yarda su kalli mai laushi. Wallahi sun kalla. Gyare ya zo, shi irinsu ta wasu 'yan ƙofofi a gefen ciki suke numfashi, ya laluba haƙarƙarina bai samu ko ɗaya ba, ya ce sun toshe ne, a kawo zanzaro ya huda. Da ƙyar Gwaggo ta hana. Jatan lande ya ce in sha ruwa har in kumbura, na sha har na kasa tashi. Shanshani ya ce a gidansu mai saɓa kan cinye tsohon ɓawonsa don ƙarfi ya dawo, aka je aka ciro rigata daga saƙa aka ajiye min a gaba, jama'a, sai da na tauna wuyan rigar nan na haɗiye suna kallo. Suka kaure da gardama kan ƙafa nawa na rasa. Masu shida suka ce biyu, kunamu suka ce huɗu, shanshani ya ce shi abin ya fi ƙarfin bakinsa. Wani mazari kuma da sunan magani ya shigo, amma kallo ya zo, kuma kowane idonsa ɗaya ƙananan idanu ne dubbai a haɗe. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na ɗaga murya zan rantse musu cewa duk danginmu haka muke har mu mutu. Kafin in kai ƙarshe Gwaggo ta toshe min baki, ta sallami kowa, ta ce zafin saɓa ne ke sa ni sambatu. Da ɗaki ya rage mu biyu ta tambaye ni ko gaskiya nake faɗa. Na ce gaskiya ce. Sai ta gaya min dokar ƙasar: duk abin da yake da laushi kuma ba ya yin tauri, ba mutum ba ne, nama ne, kamar tana, a kasuwa ake yanka shi a sayar.

"Ka yi shiru, ɗana," in ji ta. "Muddin kana ɗakin nan ina bakin ƙofa, mai saɓa ne kai, ba mai taɓa ka."

Na ce, "To ke fa, Gwaggo? Saɓarki fa?"

Ta ce wannan ba ruwana, ta ga jiya ta ga yau. Na yi shiru, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji da aka ce in yi shirun.

Daga nan na zauna ina kallon tsohuwar nan tana ƙarewa saboda ni. Ɓawonta ya dushe. Wani layi ya fito a bayanta inda ya kamata ya tsage, ta sa aka kawo igiyar siliki ta ɗaure kanta tamau don kada ya buɗe. Ta daina cin abinci. Jikinta na ciki yana girma, ɓawo ya ƙi ba shi wuri, numfashinta ya koma gurnani. Na ce ta shiga rijiya ta yi abinta, wa zai sani? Ta ce ba ni ta rantse wa ba, kuma ran da aka ga mai tsaro ya yi laushi, ranar ake fitar da wanda yake tsaro. Duk da haka ba ta fasa ƙwanƙwasa ni da safe ba, don 'yan sintiri na saurare daga waje. Kullum sai ta ɗaga murya ta ce musu tukuna. Ni kuwa na kasa haɗa ido da ita, abinci ma in an kawo sai in juya baya in ci.

Wata safiya ta ɗaga hannu za ta bugi bayana, ƙarfi ya gaza, awartakin ya faɗo a kan ƙaurina. Ji kake ƙwas. Idanunta suka miƙe, ta ce mene ne wannan? Na ce ƙashi ne mana. Ina faɗa na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Ni Nomau, wanda ƙashi ne abincinsa, ƙashi ne gadonsa, na yi makonni a tsugune ina kukan ba ni da tauri, alhali ga taurin a cikina tun daga ƙoƙon kai har ɗan yatsa. Su ba su san ana ajiye shi a ciki ba, bayana da cikina kawai suke bugawa, inda nasu yake. Ni da na sani kunya ta toshe min basira, hannuwana na can suna aikin rufe tsiraici. Tir da wannan kai nawa.

Ban jira ta hana ni ba. Na ture ƙofa na fita da rana tsaka, na ratsa kasuwa zigidir. Iyaye suka riƙa rufe idanun 'ya'yansu, mahauta kuma suka biyo ni a baya suna wasa baki. Na isa gaban alƙali, wani tsohon kunama mai ƙari kamar lauje, na ce ni ba saɓa na yi ba, tufa ce na tuɓe, kuma ɓawona a ciki yake, nama a waje. Fada ta ɗauki ihu. Na ɗauki dutse na ƙwanƙwasa goshina, suka ce dutsen ne ya yi ƙara. Na haɗa haƙora na kaɗa, suka ce tsakuwa na cusa a baki. Alƙali ya ce shi abu ɗaya ya sani, ɓawo na gaske in an matse shi fashewa yake da ƙara, nama kuwa lotsewa yake shiru.

Na dubi hannuna na hagu, na zaɓi ƙaramin yatsa, na miƙa masa. Ya kama da awartakinsa ya matsa a hankali. Nama ya lotsa, jini ja ya fito, suka ja da baya don nasu jinin ba ja ba ne. Ya ƙara matsawa. Ƙarar da yatsan nan ya yi, har na bayan fada sun ji. Ban san na iya ihu haka ba sai ranar. Alƙali ya yanke hukunci cewa wannan halitta ta haɗiye ɓawonta ne, abin ƙyama ne amma ba nama ba ne, kuma tun da da taurinta ta zo, rantsuwar mai tsaronta ta sauka. Na karya wani kara na ɗaure yatsana da haƙori, ana ta nuna ni ana dariya.

Aka yi shelar wa zai tsare Gwaggo. Ba wanda ya fito. Kowa ya san saɓar da aka danne har ta wuce lokaci ba kasafai ake fita lafiya ba, kuma in wanda kake tsaro ya mutu bai yi tauri ba, ƙofa kam za ka bari, amma saɓa ta haramta gare ka har abada. A wurin mai ɓawo wannan mutuwa ce a tsaye. Masu fiffike, da sun riga sun gama saɓarsu ta duniya, doka ba ta karɓar rantsuwarsu. Na ce ni zan yi. Na maimaita kalmomin da ta faɗa a kaina, ɗaya bayan ɗaya, na koma ɗaki da gudu.

Na yanke igiyar. Ta shiga rijiya ta sha ruwa ta kumbura, bayanta ya tsage, ta fara ja da baya tana fita. Rabi ya fito, sauran ya ƙi. Sabon jikin ya daɗe a matse har ya manne da tsohon ɓawo. Da wani Bakwanshe ne a wurin sai dai ya zuba ido, don awartaki in ya taɓa jiki mai laushi yaga shi yake. Ni kuwa yatsu gare ni masu laushi, tara masu aiki. Na zura hannu tsakanin ɓawo da nama ina rabawa a hankali, ina zuba ruwa, ina zaro ƙafafun ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire wa jariri riga. Ta ce kada in kalle ta, na ce na rufe ido, ƙarya nake. Har sabuwar ƙafar ta warware ta fito, 'yar ƙarama, fara sol, da gaɓoɓinta cif. Amma da muka zo wurin abin numfashinta, wasu 'yan ganyayyaki ne a gefen ƙirji, sai na ji sun yage a hannuna, rabi ya tafi da tsohon ɓawo. Na san abin da wannan ke nufi, ita ma ta sani.

Na jawo ta bakin rijiya na ɗora ta a cinyata. Duk faɗin nan nata ba nauyi, sai rawa jikin yake. Na ce ta yafe min, da na yi tunani da wuri da ba a kai haka ba. Ta ɗago hannunta, wanda yanzu ya fi nawa laushi, ta shafa kafaɗata.

"Ashe da gaske haka za ka zauna," in ji ta. "Duk tsawon ranka?"

Na ce, "Haka muke, Gwaggo, dukanmu."

"Wayyo ɗana. To wa ke tsare ku?"

Kafin la'asar ta daina motsi, ba ta yi tauri ba.

Da na fito na ba da labari, na ɗauka jifa za a yi min. Ina! Birni ya taru a kaina ana kuka. Suka ce ga baƙon da ya sayar da ransa don tsohuwa, ya rantse alhali ya san ba za ta tashi ba, yanzu zai zauna cikin jiki ɗaya har ya shaƙe shi. Na ce musu ni ba na saɓa, ban taɓa yi ba, ba kuma zan yi ba ko da rantsuwa ko babu. Suka ce ku ji tawali'u. Na je wurin alƙali na faɗa masa, ya dafa ni ya ce jarumai haka suke magana. Gyare suka tsara min waƙa, suna goga fiffike suna rerawa a kowace unguwa, iyaye suna nuna ni ga 'ya'yansu suna cewa su yi koyi. Ita kuwa da ta ɗaure kanta da igiya saboda baƙon da ba ta san daga inda ya fito ba, ba wanda ya sa sunanta a waƙar, wai ai aikinta ta yi.

Tsirara na ratsa kasuwarsu, amma kunyar ranar ba ta kama ƙafar wadda na ji ran da suka raka ni bakin kurmi da kiɗa ba. Na tafi kaina a ƙasa, ban waiwaya ba. Iyakar abin da idona ya gani ke nan a Ƙasar Kwansawa, wanda ya ji ya sa Gwaggo a addu'a. Rantsuwa ɗaya muka yi ni da ita, kalma ɗaya, gaban alƙali ɗaya. Ita, rantsuwar ce ta kashe ta. Ni har yau ina riƙe da tawa ban karya ba, kuma ko ƙwarzane ba ta taɓa yi min ba.